Na Kai Ƙafata Gyara Maiduguri

Ana sallame sallar asuba muka bar Azare, ni da maiɗakina, wata ranar Talata a farkon damina. An ɗan yi yayyafi kafin gari ya waye, ƙasa sai ƙamshi take yi. Shekara goma sha bakwai ina jan bas tsakanin Azare da Maiduguri, amma ban taɓa bin hanyar nan a kujerar fasinja ba sai ranar. Masu ta tambaya ina na shige wata uku ba a ganina a tasha, har wasu suka ce na koma dillancin shanu, to ga inda na shige.

Motar wani abokin aikina muka shiga, aka ba mu gidan gaba saboda in samu wurin miƙe ƙafa. Tun kafin mu fita gari na gane zaman fasinja aiki ne mai wuya. Duk ramin da na hango sai ƙafata ta dama ta danna ƙasa tana neman birki. Da muka zo wuce wata tirela na ce masa ya dakata tukuna, da muka zo kwana na ce ya rage giya. Ya jure har muka wuce Bulkachuwa, sannan ya juyo ya ce wa maiɗakina, "Hajiya, don Allah ki saya wa mijinki gyaɗa ya samu abin yi da bakinsa." Mota duka ta kwashe da dariya. Aka kuwa saya mini gyaɗar.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Ƙafata ta hagu ce. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ta fara ciwo. Tafinta shimfiɗe yake kamar faranti, diddigen ya karkace waje, kuma ba ta juyawa gefe ko kaɗan. A kan kwalta ina tafiya lafiya, amma in na taka kunya a gona ko na bi ta kan tsakuwa, sai in ji kamar an soka mini ƙusa a ƙasan idon sawu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta kai ni wurin mai ɗori, ya murɗa ya ce targaɗe ne. Wanzami ya yi mini ƙaho ya ce sanyi ne. Ciwon nan ne ma ya raba ni da noma ya kai ni tuƙi, don na ga sana'ar a zaune ake yinta. Abin da ban lissafa ba shi ne kuloci da ƙafar hagu ake taka shi. A shekara biyun nan abin ya tsananta, har likitan garinmu ya ɗauki hoto ya ce wasu ƙasusuwa biyu ne suka manne da juna. Ya rubuta mini takarda zuwa asibitin ƙashi inda ake aikin ƙafa. Na zaɓi Maiduguri saboda yayata tana aure a Bolori, ina da wurin jinya.

A Potiskum muka karya kumallo, shayi mai kauri da ƙosai mai zafi, tireloli sun yi layi kamar ba za su ƙare ba. Daga nan na fara ganin abin mamaki. Ashe direba ba ya ganin hanya, kwalta kawai yake gani. Hanyar da nake cewa na san ta kamar tafin hannuna, ranar na fara ganin gefenta. Gero ya tsiro ɗan tsit-tsit, mata da maza sun duƙufa da fartanya. Kududdufai sun fara tara ruwa, shamuwa tana takawa a bakinsu da ƙasaita kamar ita ta haƙa su. Bayan Damaturu na ga raƙuma sun fi ashirin suna cin ƙaya, na tambayi abokina ko sababbin zuwa ne. Ya ce kullum suna nan.

Daga Ngamdu zuwa Benisheikh, Mainok, Jakana har Auno, shingayen bincike suna nan yadda kuka sani, a sauke gilas, a gaisa, a wuce. Amma na lura da sababbin rufin kwano suna ƙyalli a garuruwan da a da muke wucewa da gudu ba mu ko waiwaya. Yara da kayan makaranta, masu dafaffen ƙwai da soyayyar fara suna bin mota. Maiɗakina ba ta taɓa cin fara ba. Ta ce ita ba za ta ci abin da yake kallonta ba. Kafin mu kai ƙofar gari ta cinye ƙulli guda ta fara lallubar nawa.

Mun shiga Maiduguri wajen sha ɗaya na safe. A da iyakata tasha da rumfar mai abinci, in yi lodi in juya. Wannan karon muka hau keke zuwa Bolori, na zauna a baya ina kallon gari: tituna masu faɗi, dalbejiya jere tana zuba inuwa, mata cikin lafaya kala-kala, hular zanna a kan kowane dattijo. Tun daga bakin lungu ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Yaya ta fito da gudu tana yi mana maraba da Barbarci, "Lale, lale, wushe!" kamar ba a Azare aka haife ta ba. Ta dubi yadda nake ɗingishi, ta riƙe baki ta ce, "Auta, haka ka koma ba ka faɗa wa kowa ba?" Mutum mai 'ya'ya huɗu, amma a wurinta har gobe Auta ne.

Mijinta Babarbare ne, mai walda, shagonsa yana manne da gidan. Da yake mu da jinin Fulani ta wajen uwa, bai taɓa barina na huta ba. Yana ganina ya ce, "Bafulatani ya gaji da bin shanu, ƙafa ta ƙare." Na ce ai na zo ne in duba bayinmu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo burabisko da miyar yakuwa da kifi, da ruwan tsamiya mai sanyi da suke ce wa ardeb. Na ci har na ji kunyar kaina.

Washegari muka tafi asibiti. A kan bencin jira ka ji Barbarci, ka ji Larabcin Shuwa, ka ji Babur da Margi, amma in za a tambayi wane ne na ƙarshe a layi, da Hausa ake tambaya. Muna zaune sai ga wani dattijo ya shigo da wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu. Tun daga nesa na tsaya kallon tafiyarta. Tana jefa ƙafar dama waje, tana taka ta a shimfiɗe, tana kauce wa duk inda siminti ya fashe. Tafiyata ce sak. Ban taɓa ganin wani mai irinta ba a duniya. Na matsa musu, muka gaisa. Ya ce daga Zabarmari suke, shi manomin shinkafa ne, yarinyar jikarsa ce, ta daina zuwa makaranta saboda nisa. Na ce, "Baba, ni ma abin da ya kawo ni ke nan." Ya dubi ƙafata, ya dubi tata, ya ce, "To ashe ke ba ke kaɗai ba ce." Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ni a zatona likitan ƙashi ƙato ne mai damtse kamar bakanike. Da aka kira ni sai na tarar da wata 'yar siririyar mata, da lafaya a ƙarƙashin farar riga, da tabarau a kan hanci. Ta ce in cire takalmi in juya mata baya in yi ɗage a kan yatsu. Ta ce wa maiɗakina, "Zo ki gani. Kin ga diddigen dama ya juya ciki, tafin ya yi rami? Dubi na hagu, ko motsi bai yi ba." Ta kama ƙafar ta gwada juya ta, ta ƙi. Ta tura ni wani hoto na musamman, irin wanda ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da bakin tanda, ta ce mu dawo bayan kwana biyu.

Kwana biyun nan muka ci gari. Yaya ta kai mu Kasuwar Monday, inda maiɗakina ta shige layin masu humra da turaren wuta ta manta tana da miji mara lafiya. Na samu benci wurin wani mai huluna na zauna, ya yi ta gwada mini zanna har na ɗauki ɗaya. Mun je Tashar Baga wurin kifin banda, kwali a kan kwali har sama. Kifi ya fi na wajenmu araha nesa ba kusa ba, amma tumatir da albasa sun fi namu tsada, kuɗin keke kuwa sai ka iya ciniki, in ka yi gaisuwar safe ta Barbarci, "nda watu", da muryar 'yan gari sai a rage maka.

Ranar da muka koma, likitar ta ɗora hotunan a jikin fitila, ta ɗauko wata ƙafar roba mai ƙasusuwa a fili. Ta ce, "Malam Direba, ka ga wannan ƙashin na diddige, ga kuma wanda ke zaune a kansa. Tsakaninsu akwai gaɓa, ita ke ba ƙafa damar juyawa dama da hagu in ka taka wuri mara daidai. Kai an haife ka da wata 'yar gada da ta haɗe su. Kana ƙarami guringuntsi ce, mai laushi, shi ya sa ba ka ji komai ba. Da ka fara girma ta zama ƙashi, gaɓar ta kulle. Ba sanyi ba ne, ba kuma wani ne ya yi maka ba."

Ta ce hanyoyi uku ne. Ta farko ba tiyata: takalmi na musamman, magani, allura, hutu. Wannan na riga na gwada a gida, bai yi ba. Ta biyu a yanke gadar a cire, a cusa ɗan kitse daga jikin mutum a gurbin don kada ta sake haɗewa, in diddige ya karkace sosai a tsaga ƙashinsa a matso da shi tsakiya. Gaɓa ta samu motsi. Ta uku kuwa, a kankare gaɓar gaba ɗaya, a miƙar da diddigen, a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi har su zama ɗaya.

Ban bari ta rufe baki ba na ce ta biyun nake so. Ta girgiza kai. Ta ce ta biyun ta masu ƙuruciya ce, waɗanda gaɓarsu ba ta lalace ba, kamar yarinyar nan da muka zauna tare a benci. Ta nuna mini hotona: gadar ta cinye fiye da rabin gaɓar, ragowar kuma ta goge, ƙashi yana cin ƙashi. "In na cire maka gadar, na buɗe maka gaɓar da ta riga ta mutu. Za ta motsa, amma kowane motsi ciwo ne. Ta uku ce taka."

Na ce, "Likita, da ƙafar nan nake ci da iyalina. In kika ƙame ta, da me zan taka kuloci? A bar ni haka, ai ina lallaɓawa."

Sai maiɗakina ta ce, "Likita, ba ya lallaɓawa. In ya dawo daga tafiya da rarrafe yake shiga ɗaki don kada yara su gani. Kuma watan jiya ƙafar ta riƙe masa a gangaren gada da mutum goma sha takwas a mota. Allah ne ya tsare. Abokinsa ne ya faɗa mini, shi bai faɗa ba." Ta juyo gare ni, idonta ya cika. "Baban yara, in ba ka tausaya wa kanka ba, ka tausaya wa mutanen da ke zama a bayanka."

Ban san ta sani ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama diddigena da hannu ɗaya ta riƙe gam, ta ce in ɗaga ƙafar sama in sauke, kamar ina taka kuloci. Na ɗaga, na sauke. Ta ce, "Ka gani? Wannan motsin daga idon sawu yake, gaɓar sama, ba zan taɓa ta ba. Wadda kake tsoron rasawa ka rasa ta tun kana ɗan sha biyu. Ciwonta kawai ya rage maka, shi zan cire." Ta kuma faɗa mini gaskiya: wata uku kafin in taka sosai, tafiya a kan kunya ba za ta taɓa zama daidai da ta kowa ba, wani lokaci ƙashi yakan ƙi haɗewa a sake aiki, kuma bayan shekaru gaɓoɓin maƙwabta suna iya gajiya. Sannan ta ɗago ta ce, "Kana shan taba? Don taba tana hana ƙashi haɗewa."

Na dubi maiɗakina, na dubi silin. Na ce, "Ɗaya-ɗaya, a hanya, saboda barci."

Maiɗakina ta ce, "Iye? To wannan kam ban sani ba." Likitar ta yi dariya har ta cire tabarau. Daga ranar ban sake kunna ta ba.

A gida na kwashe labari na faɗa wa mijin Yaya a shagonsa. Ya saurara, ya ɗauko wani tsohon ƙarfen ƙofa da ya ci tsatsa yana ƙara, ya ce, "Irin wannan in aka kawo mini, ba na ɓata mai a kansa. Ina miƙar da shi in ɗana masa wuta, ya zauna. Matar nan 'yar sana'armu ce, ka ba ta." Na yi istihara, na kwana biyu ina juya abin, na koma na sa hannu.

Ranar aikin da safe aka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma ina ji ina gani. An sa labule a gabana. Na ji ƙarar na'ura kamar a shagon mijin Yaya, na fara salati da ƙarfi. Mai ba da allurar ya ce in kwantar da hankali, ya tambaye ni wace hanya ta fi ramuka a ƙasar nan. Ina cikin ba shi amsa dalla-dalla aka ce an gama. Da aka nuna mini hoton bayan aiki na ga kusoshi biyu dogaye sun ratsa diddigen, shi kuwa ya tsaya cak a tsakiya, karo na farko a rayuwata.

Kwana biyun farko na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Ƙafa a ɗage kan filo, tana bugawa kamar ganga. Amma ɗakin jinya a Maiduguri ba ya barin mutum da kaɗaici. Duk wanda aka kawo wa abinci, na kowa ne. Na ci sinasir na wani ɗan Gwoza, na sha kunun gyaɗar wata Bashuwa da ta zo duba ɗan'uwanta. Baban Zabarmari kullum sai ya leƙo daga ɓangaren mata, don an yi wa jikarsa nata aikin kwana ɗaya bayan nawa, an cire gadar an sa kitsen. Yakan zauna a bakin gadona ya ce, "Yaya ƙafar tamu?" Kamar ƙafa ɗaya muke rabawa mu uku.

Bayan sati biyu aka cire zare, aka yi mini farin ɗaurin nan da muke ce wa siminti, maiɗakina ta koma Azare wurin yara. Ni kuwa na zama ɗan Bolori. Mijin Yaya ya ƙera mini kujera mai wurin ɗora ƙafa, ya kafa ta ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shago. Nan nake yini da sandunana biyu. Masu wucewa tun suna "sannu" har suka fara zama. Wani tela ya koya mini dara irin tasu, ya yi ta cinye ni ba tausayi. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ɗauki nauyin koya mini Barbarci, kullum kalma uku, in na faɗa ba daidai ba ta ce bakin Fulani sai nono. Ruwa ya yi ta sauka, lunguna suka cika, na ga yadda maƙwabta ke fitowa da shebur su buɗe kwata tare ba wanda ya kira su. Mutanen nan sun ga abin da ya fi ƙarfin baki a shekarun baya, kusan kowa ya rasa wani, amma ban taɓa zama da masu son raha irinsu ba.

Sati na bakwai aka fasa simintin. Ƙafar ta fito siririya, fata tana saɓa, na ce wannan ba tawa ba ce. Aka ba ni wani ƙaton takalmi mai maɗauri, aka ce in fara ɗora nauyi kaɗan-kaɗan, aka haɗa ni da masu gashin ƙashi suna koya mini motsa idon sawu da yatsu. Ranar da na fara taka ta, na tsaya ina jiran ƙusar nan da na saba da ita shekara ashirin da shida. Na jira. Akwai tsami, akwai nauyi, amma ƙusar ba ta zo ba. Na sake takawa. Yaya tana tsaye a gefe ta rufe fuska da lafaya tana kuka, ni ina dariya kamar wawa.

A sati na goma Baba ya aiko lallai sai mun je Zabarmari. Muka tafi da hantsi a tsohuwar akori-kurar mijin Yaya. Ba nisa, amma duniya ce daban. Shinkafa kore shar har iyakar ganin ido, ruwa yana walƙiya a tsakaninta, balbela fari fat. Ana shiga gona da wuri a fito da wuri, kowa ya san dalili, ba a dai tsaya ana maimaita shi. Baba ya yanka mana kaza, aka dafa shinkafar gida, mai ƙamshin da ban taɓa ji a ta buhu ba. Muna cikin ci ya nuna mini da haɓa. Jikarsa ce ta taho a kan siririyar gaɓar fadama da tulun roba a hannu, tana ɗan taka-tsantsan amma ba ta jefa ƙafa. Ya ce ta koma makaranta satin da ya wuce. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, na riga ka." Na ce ai ke sabuwar mota ce, ni kuwa sai da aka yi mini walda.

A sati na goma sha biyu hoto ya nuna ƙashi ya kama. Likitar ta ce in ajiye sanda ɗaya, in gwada kuloci a mota a tsaye, amma doguwar tafiya sai bayan wata biyu, in na dawo ta gani. Muna isa gida na hau akori-kurar, injin a kashe. Rabin layin suka taru. Na ɗora ƙafa na danna har ƙasa, na saki. Tela yana ƙirgawa da Barbarci. Sai da na yi ashirin mijin Yaya ya ce in sauko kada in ƙarar masa da mota. Ƙafar ta ɗan kumbura da yamma, na ɗaga ta, da safe ta saɓe.

Da na je sallama, likitar ta ce, "Abin nan yakan bi jini. In ka koma ka duba 'ya'yanka yadda na duba ka. Wanda ka ga diddigensa bai juya ba, ko yana kukan ƙafa, ka kawo shi da wuri." Na yi mata godiya da Barbarcina na wurin mai ƙosai, ta ce ba laifi, amma kada in gwada a kasuwa.

Na baro Maiduguri ranar Asabar da safe, da kwalin kifi, da turaren Yaya, da rabin buhun shinkafar da Baba ya rantse sai na ɗauka. Geron da na bari ɗan tsit ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai. Wannan karon ban ce wa direba komai ba har Azare. Shi da kansa ya tambaya ko lafiya.

La'asar muka isa. Na sauka daga keke a ƙofar gida, na shiga da ƙafata da sanda ɗaya. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta ce in koma zaure in sake shigowa ta gani. Na koma na sake shigowa. Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ko ruwa ban sha ba na jera yaran nan huɗu a jikin bango, na ce kowa ya juya baya ya yi ɗage. Suna ta ƙyalƙyala dariya, sun ɗauka wasan Maiduguri ne. Uku diddigensu ya juya. 'Yata ta biyu, mai shekara goma sha ɗaya, na hagunta ya tsaya. Na tambaye ta ko yana mata ciwo. Ta ce, "In mun yi gudu a makaranta, Baba. Ban faɗa ba ne don na ga kai ma ba ka faɗa."

Maganar nan ta fi kusoshin likita shiga jikina. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: ciwon da ka ɓoye ba naka ba ne kai kaɗai, akwai masu zama a bayanka, akwai kuma masu koyi da kai. Na kuma koyi cewa ba kowane ciwon ƙafa ne sanyi ba, kuma cuta ɗaya tana da magani daban-daban gwargwadon lokacin da ka kai ta. Ni na kai tawa a makare, aka yi mini abin da ya rage, kuma na gode Allah.

Na zaunar da ita a cinyata na ce mata akwai wata likita mai tabarau, da wata ƙawa a Zabarmari da ke jiranta. In na koma ganin likita bayan wata biyu, tare za mu tafi. Ta tambaya ko da zafi. Na ce da zafi, kwana biyu. Ta ce to ta yarda, amma ita ce a gefen taga.